Biri ya haɗa wa kansa magani, to wa ya koya masa?

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau a aji wani yaro ya jefo mini tambayar da har na dawo gida ba ta sake ni ba, shi ya sa na kawo ta nan. Labari na ba su na wani jan gwaggon biri, irin wanda ake kira orangutan, a dajin Gunung Leuser da ke tsibirin Sumatra na Indunusiya. Masu bincike sun raɗa masa suna Rakus. A watan Yunin 2022 aka gan shi da ƙaton rauni a kunci, ƙasan idon dama, ana kyautata zaton wani namijin ne ya ji masa wurin faɗa. Bayan kwana uku sai ya tsinko ganyen wani tsiro mai naɗo da mutanen wurin ke kira akar kuning, ya tattauna, ya riƙa lakato ruwan da yatsa yana shafawa. Ba ko'ina yake shafawa ba, a kan ciwon kawai, har kusan minti bakwai. Da ƙudaje suka fara taruwa ya kwashi tattaunannen ganyen ya liƙe bakin raunin da shi. Cikin kwana biyar ciwo ya rufe, bai yi ruwa ba, bayan kamar wata guda sai ɗan tabo. A watan Mayun 2024 aka fitar da rahoton. Ganyen nan kuwa mutanen yankin da shi suke maganin zazzaɓi da atuni. Sai yaron ya ce, "Malam, to wa ya koya masa?" Na ce ya bari sai gobe. Ku fitar da ni kunya.

Hajiya Babba: Allahu akbar. Ikon Allah sai kallo.

Na Goggo: Biri ya yi kama da mutum, yau kuma ya yi kama da likita. Saura ya buɗe kemis.

Jikan Magori: Alhamdu lillahi, yau ranarmu ce. Shekara nawa muna faɗa ana ce mana jahilai? Ni a gidan magani na tashi, kakana ya ba babana, babana ya ba ni. Saƙe-saƙin nan da 'yan boko ke yi wa kallon banza, ga shi dabbar dawa da ba ta taɓa shiga aji ba ta san darajarsa. Da ni na faɗa, ƙarya ce. Yanzu da Bature ya ɗauka a kyamara, ta zama kimiyya. Ina Maman Ilham? Ki fito yau.

Maman Ilham: Ga ni, Malam Magori, ban gudu ba, layi ne ya yi yawa a farmasi. Labarin gaskiya ne kuma ni ma ya burge ni. An auna ganyen, akwai sinadarai a ciki masu kashe ƙwayoyin cuta da rage kumburi. Amma ka karanta sauran abin da masu binciken suka faɗa da bakinsu: shekara 21 suna bin birran dajin nan suna rubuta duk motsinsu, sau ɗaya tak suka ga haka. Biri ɗaya, ciwo ɗaya. Ba wani biri na biyu mai irin raunin da aka bari ba ganye, balle a gwada wa ya riga warkewa. Sun kuma lura a kwanakin ya yawaita barci fiye da yadda ya saba. To ganyen ne, hutun ne, ko jikinsa ne ya yi aikinsa? Daga biri ɗaya a Sumatra zuwa jarkar da ake tallanta da lasifika a tasha, wai tana maganin basir da shawara da sanyi da taifot da ƙarfin maza, akwai tafiya mai nisa.

Jikan Magori: Ai dama na sani. Ku ko mala'ika ya sauko da ganye sai kun ce ina na biyunsa.

Na Goggo: Magori, wasa kanka da kanka!

Likitan Dabbobi: Ku tsaya in raba ku, ko in ƙara haɗa ku. Maman Ilham, kin yi gaskiya game da Rakus, amma ba shi ne farau ba, kuma akwai wanda hujjarsa ta fi tasa ƙarfi. A 1987, a tsaunukan Mahale da ke bakin tafkin Tanganyika a Tanzaniya, wani mai bincike Michael Huffman da abokin aikinsa ɗan ƙasar, Mohamedi Seifu Kalunde, suna bin wata macen cimfanzi, wani babban baƙin biri na Afirka, mai suna Chausiku. Ba ta da lafiya, ba ta cin abinci, sai kwanciya. Suka ga ta je wurin wani ɗan itace ta karyo reshe, ta zubar da ganyen, ta ɓare ɓawon, ta tauna ɓargon da ke tsakiya, ta tsotse ruwan ta tofar da tuƙar. Washegari ta miƙe ta ci gaba da harkarta. Kun san wane itace ne? Shuwaka.

Hajiya Babba: Shuwaka dai tamu ta miya? Wadda muke ba masu jego?

Likitan Dabbobi: Ita fa, Hajiya. Mohamedi ne ma ya gaya wa Huffman cewa mutanensu da ita suke maganin ciwon ciki da tsutsa, don shi jikan mai magani ne. Ya ba da labarin cewa kakansa ya taɓa ganin beguwa mai zawo tana tonon wata saiwa da kowa ya sani guba ce, ta ci ta warke, shi kuma ya gwada a kansa kafin ya ba mutane. Daga baya an ga wata macen ta yi irin na Chausiku, aka auna kashinta kafin da bayan, ƙwan tsutsar ya ragu ƙwarai cikin ƙasa da kwana guda. An kuma lura sun fi yin haka da damina, lokacin da tsutsar ke yawa. A 2024 ma wasu daga jami'ar Oxford sun bi cimfanzi marasa lafiya a dajin Budongo na Yuganda, suka tattara tsirrai iri 13 da suka ga suna nema, aka gwada a ɗakin bincike, kashi 88 cikin ɗari na samfuran sun hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa.

Jikan Magori: Likita, Allah ya ƙara girma. Jikan mai magani ne ya nuna wa Bature hanya. Da ɗan gari akan ci gari. A rubuta wannan.

Likitan Dabbobi: An rubuta, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ka lura da abin da ta zubar. Da aka auna shuwakar Mahale, sai aka tarar sinadarin da ya fi dafi ya taru ne a ganye da ɓawo, ɓargon kuwa kaɗan ne a cikinsa. Wato ta bar mai dafin ta ɗauki mai sauƙin, ta tsotsi kaɗan, lokacin da take ciwo, ta tafi. Ba ta haɗa itatuwa goma a tukunya ba, ba ta kuma sha safe da yamma har wata uku ba.

Hajiya Babba: To ni da nake cin ganyen fa, Likita? Ka tsorata ni.

Likitan Dabbobi: Ci miyarki lafiya, Hajiya. Wankin nan da kuke yi kuna murzawa kuna zubar da ruwa har ɗacin ya ragu, ai shi ne naku ɓarewar ɓawon. Kuma ta gida da aka daɗe ana shukawa ba ta kai ta dawa ɗaci ba.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. Ni ban yi lakwal mai nisa ba amma cikin bisashe na girma. Gaskiya ne saniya ta san lokacin da take son kanwa, za ka ga tana lasar ƙasa tana tauna tsumma. Kare ma in cikinsa ya ɓaci yakan ci ciyawa ya yi amai. Amma masu cewa dabba ta san magani su amsa mini: me ya sa akuya ke cin leda? Bara akuyata ta yi ta ramewa cikinta na kumbura, lokotoron dabbobi ya ce a yanka. Da aka buɗe tumbin, leda ce dunƙule kamar ƙwallo. Kuma ko wane makiyayi ya san in shanu suka faɗa gyauron dawa, ci za su yi har su faɗi. Ina sanin yake a nan?

Maman Ilham: Allah ya biya ka, Ɗan Damagaram. Na huta.

Ɗalibi a Jamus: Yayyena, ku ba ni dama in sa baki, don tambayar Malam da ta Ɗan Damagaram amsarsu ɗaya ce, kuma a ƙwaƙwalwa take. Hanya biyu ce aka fi tabbatarwa.

Ta farko, ciwo da kansa yana sauya ɗanɗano. Akwai wata tsutsar ganye mai gashi a jihar Arizona ta Amurka, wadda wani ƙuda ke saka wa ƙwai a jiki, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su cinye ta daga ciki. A 2005 aka auna jijiyoyin ɗanɗanonta, sai aka ga wadda ta kamu, jijiyoyin sun fi zabura idan suka taɓa wani sinadari mai guba da ke cikin wasu ganyaye. Wato abin da dā ba ta damu da shi ba, yanzu ya yi mata daɗi a baki. A 2009 aka gwada sakamakon: masu ɗauke da ƙudan da suka ci gubar sun fi rayuwa, lafiyayyun da aka ba ita kuwa sun fi mutuwa. Tsutsa ba ta san sunan cutarta ba, bakinta ne ya juya.

Mu ma haka muke. A 2022 ɗakin binciken Catherine Dulac a Harvard ya gano wani ɗan gungu na ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kusan dubu ɗaya, a can ƙasan ƙwaƙwalwar ɓera. In aka kunna su, ɓera lafiyayye sai jikinsa ya yi zafi, ya ƙi abinci, ya nemi wuri mai ɗumi ya lafe. Ashe rashin cin abincin mai zazzaɓi da neman bargonsa ba lalacewar jiki ba ce kawai, umarni ne daga sama.

Na Goggo: Shi ya sa in ina masassara ko tsire ba na so. Ashe ba ni ba ne.

Ɗalibi a Jamus: Ta biyu ita ce koyo daga abin da ya biyo baya. Tun shekarun 1950 wani mai suna John Garcia ya nuna cewa in ɓera ya ɗanɗana abu, cikinsa ya murɗa ko da bayan sa'o'i ne, ba zai ƙara kusantarsa ba. Sau ɗaya ya isa. Duk wanda ya taɓa zuba maganin ɓera a rumbu ya ga haka, haka duk wanda wani abinci ya taɓa sa shi amai yana yaro. Kuma abin yana aiki ta ɗaya gefen. A jihar Utah an ɗauki 'yan raguna aka sa musu ɓacin ciki iri uku, kowanne da maganinsa daban, aka bar su suka ji sauƙi bayan shan wanda ya dace. Daga baya in aka sa musu ciwon aka jera magungunan uku, sai kowanne ya nufi wanda ya dace da ciwon ranar. A 2006 aka buga wannan. An kuma ga masu tsutsar ciki sun fi cin abinci mai tanin, sinadarin nan mai bauri da ke cikin bagaruwa, wanda majema ke jima da shi.

To ga amsar leda. Leda ba ta da ɗaci, tana ƙanshin abincin da aka ƙulla a ciki, kuma ba ta murɗa ciki yau ko gobe, sai bayan watanni. Ƙwaƙwalwar akuya ba ta da yadda za ta haɗa ramewar yau da ledar ƙosan da ta ci da rani. Gyauro kuwa dafinsa ya fi koyo sauri, kafin ta ɗauki darasi ta faɗi.

Ɗan Damagaram: Wallahi yaron nan ka yi karatu. Allah ya maido ka gida lafiya.

Abu Turab: Ni dai ina jan hankali. Ta irin wannan hanyar suke bi, yau biri likita ne, gobe biri ya san sunan ɗan'uwansa, jibi a ce biri ne kakanmu. Malam, ka kula da abin da kake gaya wa 'ya'yan mutane.

Baban Ummi: Malam Abu Turab, tsirrai nake koyarwa, ban kai can ba.

Alaramma: Ɗan'uwa Abu Turab, kwantar da hankalinka. Cewa dabba tana da sanin da aka kimsa mata ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A Suratun Nahli an ambaci yadda aka yi wa ƙudan zuma ilhamin inda zai yi gida da abin da zai ci, aka kuma ce akwai waraka a abin da ke fita daga cikinsa. A Suratul Ma'ida hankaka ne ya nuna wa ɗan Annabi Adamu yadda zai binne gawar ɗan'uwansa. Mutum ya koya daga tsuntsu tun farkon duniya. Abin da ɗalibin nan ya bayyana, sababi ne. Ka san Wanda ya shiryar, shi kuma yana gaya maka ta wace jijiya shiriyar ta bi. Ban ga faɗa a nan ba.

Abu Turab: Na ji, Alaramma. Amma dai a kula.

Shugaban Zaure: A koma kan magana don Allah. Wanda ke son waccan muhawarar ya buɗe tata daban, kuma ya sani ba zan kwana ina goge zagi ba.

Likitan Dabbobi: To bari in kawo wadda ba ta kama da mutum ko kaɗan, kowa ya huta. Akwai wata baƙar tururuwa babba da ba ta cin komai sai gara, tana fita hari a jere kamar sojoji. Ana samunta a yawancin ƙasashen kudu da Sahara. Wani Bajamushe, Erik Frank, ya shekara da shekaru yana binta a dajin Comoé na Kwaddibuwa. Sojojin gara suna gutsire musu ƙafa, sai 'yan'uwan su ɗauko masu rauni su kawo gida. A ƙarshen 2023 ya nuna cewa suna bambance raunin da ƙwayar cuta ta shiga da wanda ba ta shiga ba, ta hanyar sauyin warin jikin mai raunin. Wanda ya harbu, sai su ɗebo wani ruwa daga wata 'yar jaka a gefen ƙirjinsu su shafa masa. An ƙirga sinadarai 112 a ruwan, kusan rabinsu masu kashe ƙwayar cuta ne ko warkar da rauni. Mutuwa tana raguwa da kusan kashi 90 cikin ɗari. Ƙwayar cutar da ke kashe su kuwa ita ce dai wadda ke addabar masu ƙuna da gyambo a asibitocinmu.

Anti Nas: Pseudomonas? Wadda ke sa bandeji ya yi kore-kore? Innalillahi. Mu tana ba mu wuya, maganin da za ka ba ta ma sai ta ƙi ji.

Likitan Dabbobi: Ita. A 2024 kuma suka duba wata tururuwar da ake samu a jihar Florida, ita ba ta da jakar maganin. Sai ta koma fiɗa. In raunin a cinya yake, 'yan'uwa su ciccije ƙafar daga tushe, aikin kusan minti 40, kuma tara cikin goma ko fiye suna rayuwa, alhali in an bar su ba sa kai huɗu cikin goma. In a ƙwauri yake ba sa yankewa, lasa kawai suke ta yi, don a nan cutar tana riga su shiga jiki, yankan ba zai amfana ba. Maman Ilham, a nan akwai na biyun da kike nema: an raba su gida biyu, an ƙirga.

Maman Ilham: Wannan kam na sallama. Ka ga bambancin ai. Ba don tururuwa ta fi Rakus wayo ba, don an iya ƙirgawa ne.

Ɗalibi a Jamus: Ƙari kaɗan: a watan Fabrairun 2025 wasu a Kalifoniya suka sumar da ɓera da allura suka ajiye shi gaban abokin zamansa. Sai ya shinshina, ya lashe shi, in bai motsa ba ya buɗe masa baki ya jawo harshen waje. Waɗanda aka yi wa haka sun riga farfaɗowa. Sun fi yi wa wanda suka sani a kan baƙo, kuma ƙwayoyin oksitosin ne ke kunnuwa a ƙwaƙwalwarsu, sinadarin nan da ke sauko wa mai jego da nono. Wasu masana dai sun ce kada a yi saurin kiransa tausayi, ƙila son sani ne.

Na Goggo: Ɓeran gidanmu dai ko uwarsa ta suma buhun masara zai nufa.

Anti Nas: Bari in dawo da ku duniyar mutane. A sashen wankin ƙoda nake aiki. Tambayar farko da likita ke yi wa wanda aka kawo fitsari ya ɗauke masa ita ce, me ka sha? Sau da yawa sai an matsa kafin 'yan'uwa su fito da jarka daga jaka. Ba suna, ba ma'auni, mai sayarwar ya tashi daga tashar. Wani saurayi da ba zan manta ba, maganin basir ya sha kofi biyu kullum har sati uku, don an ce masa in bai ga zawo ba bai fara aiki ba. Kuma kada Malam Magori ya ce na ware shi: masu haɗa ƙwayoyin ciwon jiki biyar-biyar a kemis su ba leburori, su ma muna ganin aikinsu a gado ɗaya. Ƙoda kamar akuyar Ɗan Damagaram take, ba ta kuka sai abu ya yi nisa.

Jikan Magori: Anti, Allah ya ba shi lafiya. Amma wancan ba mai magani ba ne, ɗan kasuwa ne. Mu ma sun ɓata mana suna. Kuma tunda an zo tone-tone, a tona duka. A 1996 ba a Kano aka gwada maganin sanƙarau a kan yara 200 ba, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a shekara da shekaru? A 2022 ba maganin tari na kwalba, mai takarda da lamba, ya kashe yara kusan 70 a Gambiya ba? Saiwa ce ta kashe su? Sannan talakan da zai je asibiti a rubuta masa gwajin da ya fi kuɗin abincinsa na wata, ina kuke so ya nufa? Wurinmu yake zuwa, wani ma bashi muke ba shi.

Maman Ilham: Wannan maganar taka ba zan musa ko ɗaya ba, Malam. Kuma tsada ita ce ke cika muku layi, mun sani. Amma ka lura, na Gambiya an san adadin yaran, an san kwalbar, an auna an gano gubar, an janye maganin. Na jarka wa ke ƙirga su?

Kuma ni ba maƙiyiyar ganye ba ce, rabin kantina daga ganye ya fito. Ƙwayar maleriyar nan da ake sha kwana uku, asalinta tazargade ce. Wata 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ita da tawagarta suka tattara haɗe-haɗen gargajiya sama da 2,000 suna gwadawa. Tazargade ta yi aiki yau, gobe ta ƙi. Sai ta koma wani tsohon rubutu na ƙarni na 4, ta ga an ce a jiƙa a matse, ba a ce a tafasa ba. Ashe wuta ce ke kashe sinadarin. A 1971, a gwaji na 191, aka dace. Ta sha da kanta kafin a ba marasa lafiya, kamar kakan Mohamedi. A 2015 aka ba ta kyautar Nobel. Ka ga gargajiya ce ta nuna ƙofa, amma cikin 2,000 nawa suka faɗi?

Hajiya Babba: To 'yata, tunda tazargaden ce, me zai hana mu jiƙa abinmu mu sha? Lokacin korona ai an sha ta sosai.

Maman Ilham: Mama, don Allah kada a yi wa maleriya haka, balle ga yara. Sinadarin da ke cikin ganyen ba daidai yake ba, wani ganyen da yawa, wani kusan babu, ya danganta da ƙasa da yadda aka shanya. In ya yi kaɗan zazzaɓin zai lafa amma ƙwayar cutar ba ta mutu duka ba, waɗanda suka tsira su ne masu taurin kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a yi. An riga an tabbatar da maleriyar da ta fara jure wa maganin a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya. In ta iso nan ba mu da wani a hannu da ya kai shi.

Hajiya Babba: To na ji. Turare dai zan ci gaba da yi da ita.

Likitan Dabbobi: Mu ma nan gida an taɓa bin wannan hanyar. Cibiyar binciken magunguna ta tarayya da ke Abuja ta karɓi haɗin wani mai maganin gargajiya na sikila, wanda akwai masoro da kanumfari da ganyen dawa a ciki, aka auna, aka gwada a kan marasa lafiya, aka fitar da shi da sunan Niprisan, ya rage yawan tashin ciwon. Sarrafa shi ne ya yi ta tangal-tangal daga baya, wannan kuma ciwon ƙasarmu ne ba na ganye ba. Abin da ya sa aka kai ga haka shi ne mutumin ya yarda ya faɗi abin da ke cikin tukunyarsa. Cimfanzi na nan a Gashaka Gumti, jihar Taraba, marke da sabara da maɗaci na nan a bayan gari. Ba sai mun jira Sumatra ba.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai, na cika shafi uku. Amma har yanzu me zan ce wa yaron game da Rakus shi kansa?

Ɗalibi a Jamus: Malam, masu binciken abu biyu suka kawo. Ƙila yana cin ganyen ne hannunsa ya taɓa ciwon, ya ji raɗaɗin ya lafa, sai ya maimaita, irin na ragunan Utah. Ko kuma ya gani wurin wasu a inda aka haife shi, don mazan orangutan suna barin garinsu in sun balaga su yi nisa, shi ma baƙo ne a dajin. Ka ba yaron duka biyun, ka tambaye shi yadda zai gwada ya gane wanne ne. In ya kawo dabara ka turo mana.

Maman Ilham: Malam Magori, kai kuma ga tayi. Maganin gyambon nan da kake yawan yabo, na babanka. Ka kai shi NAFDAC a yi masa rajista. Ka sani dai rajistar farko tana duba ko yana cutarwa ne, ba ta shaida cewa yana warkarwa, shi ya sa ake rubuta hakan a jikin kwalba. Amma mataki ne. Ina da ƙawa a sashen harhaɗa magunguna na wata jami'a, ɗalibanta kullum neman abin da za su auna suke. Ni zan cike maka takardun kyauta.

Jikan Magori: Har abin da ke ciki sai na rubuta?

Maman Ilham: Duka, da ma'aunin kowanne.

Jikan Magori: Itace biyar ne. Uku zan iya faɗa ko a nan. Biyun kuwa Baba ya sa na dafa kansa kafin ya nuna mini.

Maman Ilham: To da uku ba za su karɓa ba.

Na Goggo: Chausiku dai a gaban kowa ta ɓare nata.

Jikan Magori: Kai Na Goggo ka fita idona. Maman Ilham, turo mini takardun ta sirri in gani tukuna. Ranar Juma'a zan je ƙauye, zan yi wa Baba maganar. In ya kore ni, gidanki zan kawo kayana.